Katun ɗin da ya ci mutuncin baƙar fata, a kira shi gwaninta ko a kira shi zagi?

Malam, tambayarka ta iso. Ka ce kana zaune da yaranka kuna kallon tsohon Tom and Jerry a waya, sai wani abu ya fashe a fuskar Tom. Da hayaƙi ya washe sai ga fuskar ta koma baƙi ƙirin, leɓe ya yi kauri, ido ya yi fari fat. Yara suka tuntsire da dariya, kai kuwa ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji. Da ka bincika sai ka tarar akwai waɗanda suka fi wannan muni, kuma masana suna yaba wasu daga cikinsu a matsayin ƙololuwar fasahar zane. Kana so ka san ko abu ɗaya zai iya zama gwaninta kuma ya zama cin mutunci, sannan ko ya kamata ka hana yara kallo.

Na daɗe ina koyar da zanen katun, kuma waɗannan finafinan suna cikin abin da nake sa wa ɗalibai, saboda haka tambayar ta taɓa ni a inda nake ji. Gwanintar gaskiya ce, cin mutuncin ma gaskiya ne. Inda na saba da masu kare finafinan shi ne cewar da suke yi wai za a iya ware biyun, a ɗauki fasaha a bar ƙazanta, kamar mai tsince tsakuwa daga shinkafa. A wasu ana iya yin haka. A waɗanda aka fi yabo ba ya yiwuwa, domin ƙwarewar ce ta sa zagin ya zauna a kan mutane. Zambon da bai yi daɗi ba washegari an manta da shi. Wanda gwani ya rera kuwa har jikokin wanda aka yi wa sai sun ji shi a bakin yara.

Fuskar da ka gani a kan Tom ta girmi katun da kusan shekara ɗari. A wajejen 1830 wani Bature ɗan wasa a Amurka mai suna Thomas Rice ya yi suna da shafa wa fuskarsa baƙi, ya sa tsumma, yana rawa yana kwaikwayon bawa da ya raɗa wa suna Jim Crow. Zuwa 1843 abin ya zama sana'a ta ƙungiya-ƙungiya, ana kiranta wasan minstirel: Turawa su ƙona toton toshe kwalba su shafa baƙinsa a fuska, su bar da'ira mai faɗi a kewayen baki, su sa farar safar hannu, su hau dandamali suna nuna baƙin mutum a matsayin malalaci, matsoraci, mai son kankana da caca, wanda ba ya iya haɗa magana daidai. Ana wannan wasa ana sayar da bayi a kasuwa, domin sai 1865 aka haramta bauta a ƙasar. Sunan Jim Crow ɗin nan shi ne daga baya aka laƙaba wa dokokin wariyar launin fata na kudancin Amurka, waɗanda suka raba makaranta da mota da rijiyar shan ruwa. Ka ga tun daga tushe dariyar da dokar suna ɗaya gare su.

Masu zanen farko a wannan dandamali suka tashi, daga nan suka ɗebo kayan aiki. Bosko, tauraron farko na jerin Looney Tunes a 1930, yaron minstirel ne aka mayar da shi tawada. A 1933 Mickey Mouse da kansa, a fim ɗin Mickey's Mellerdrammer, ya kunna abin fashewa a fuskarsa don ya yi baƙi ya fito a wasan Uncle Tom. Saboda haka fashewar da ka gani ba toka kawai take nunawa ba. Mai kallo na 1940 ya san ma'anarta nan take: mugun abu ya sami Tom, an mayar da shi baƙar fata, kuma wannan shi ne abin dariyar. Irin wannan wurin yana cikin The Yankee Doodle Mouse na 1943, wanda ya ci kyautar Oscar.

Akwai wata a cikin Tom and Jerry da nake so ka sake duba ta da kyau. Matar nan mai jiki da ke bin Tom da tsintsiya, wadda ba a nuna mana sai ƙafafunta cikin silifas da safa mai faci da gefen zaninta na aiki. Ana kiranta Mammy Two Shoes. Ta fito tun a fim na farko a 1940, ta ci gaba har 1952. Muryarta ta wata 'yar wasa ce baƙar fata, Lillian Randolph, kuma idan ka saurara za ka ji ta iya aikinta sosai, ta san inda za ta ja kalma da inda za ta yanke ta. Masu zanen ma sun yi abin a yaba. Da ƙafa biyu da hannu ɗaya kawai suke nuna maka fushi da gajiya da tsoro, kana jin nauyin takunta a kan katakon ɗaki. Ina sa wa ɗalibai wannan don su koyi yadda ake ba zane nauyi. Amma siffar da aka zuba ta a ciki tsohuwa ce: baƙar mace mai aikin gidan Bature, mai ƙiba, mai hayaniya, wadda ba ta da wata rayuwa sai ta kicin. An ce kyamara tana ƙasa ne domin duniyar kyanwa da ɓera ake nunawa, kuma akwai gaskiya a wannan. Duk da haka shekara goma sha biyu mace tana magana ba fuska, sai wani ɗan ƙiftawar ido a wani fim na 1950. Da aka zo kai finafinan talabijin a shekarun 1960, sai aka sake zana wasu wurare aka maye gurbinta da farar mace, aka sa wata murya. Daga baya kuma aka dawo da hotonta aka sake murya don a rage karin maganar. Kowane gyara ya share aikin Randolph ne, bai share abin da aka yi mata ba.

Waɗanda ka ji ana ta gardama a kansu su ne guda goma sha ɗaya na kamfanin Warner, da United Artists ya janye daga talabijin a 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King. An yi su tsakanin 1931 da 1944, kuma manyan gwanayen gidan duk suna da hannu: Friz Freleng, Tex Avery, Bob Clampett, Chuck Jones. Mafi yawansu ba su cancanci dogon zance ba. Jungle Jitters da The Isle of Pingo Pongo na 1938 mu suke nufi kai tsaye, 'yan Afirka da mutanen tsibirai masu ƙashi a gashi da tukunyar dafa mutum, kuma ko ta fuskar sana'a aikin lalaci ne. Angel Puss na 1944 mugunta ce zalla. Da duk haka suke, da ba wanda zai ɓata bakinsa.

Wanda ya hana mutane barci shi ne Coal Black and de Sebben Dwarfs, na Bob Clampett, wanda ya fito a farkon 1943. Tatsuniyar Snow White ce aka juya ta, aka mayar da kowa baƙar fata, aka kawo ta lokacin yaƙin duniya na biyu. A 1994, da aka tambayi masu sana'ar kusan dubu su zaɓi katun hamsin mafi inganci a tarihi, wannan ya zo na 21. Kuma ba zan ɓoye maka ba, na san dalilin. Minti bakwai ne, hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato hoto kusan dubu goma, kuma da ƙyar za ka sami wanda yake tsaye a banza. Komai yana tafiya a kan kiɗa, har maganar ma a kan bugun ganga take. Akwai mai zane a ƙungiyar Clampett, Rod Scribner, wanda yake murɗa jiki ya miƙe shi ya lanƙwasa har ka ce zai tsinke, amma in ka sa fim ɗin ya gudana sai ka ga motsin ya zauna daram. Dubi wurin ƙarshe, inda yarima yake ƙoƙarin tayar da yarinyar da sumba. Ya gwada, ya sake gwadawa, jikinsa yana karkarwa, har ƙarfinsa ya ƙare ya koma tsoho fari fat. Idan ka tsayar da shi hoto-hoto za ka ga babu zane biyu masu kama da juna. Mutum ya yi shekara ashirin yana zane bai kai nan ba.

To amma tsayar da shi ɗin ne kuma yake nuna maka sauran. Yariman nan da ya buɗe baki, haƙoransa na zinariya ne, biyun gaba kuwa 'ya'yan ludon caca ne. Wadannin bakwai sojoji ne, kuma fuskokinsu irin ta dandamalin Rice ce, leɓe ya cinye rabin fuska, ɗayansu an zana shi a kan malalacin nan da wani baƙin ɗan fim, Stepin Fetchit, ya saba fitowa. Yarinyar, So White, an zana ta ne don idon maza, guntun siket da dogayen ƙafafu, kuma labarin ya nuna da sumba ta sayi ranta daga hannun 'yan kisa. A jikin motar 'yan kisan an rubuta farashi: kowa dala ɗaya, Japanawa kyauta. Wannan a lokacin da gwamnatin Amurka ta kwashe mutane sama da dubu ɗari 'yan asalin Japan ta tsare a sansanoni. Sojojin da ake wa dariya kuwa, 'yan'uwansu na gaske suna bakin daga a rundunonin da aka ware musu daban, domin sai 1948 aka ba da umarnin daina wariya a sojan ƙasar.

Masu kare fim ɗin suna da hujja uku, kuma kowace tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa ba na watsar da su ba tare da amsa ba.

Sukan ce Clampett ƙaunar kiɗan baƙar fata ce ta sa ya yi shi. Haka ne. Ya ga wasan baƙin makaɗi Duke Ellington mai suna Jump for Joy a Los Angeles a 1941, ya kai masu zanensa gidan rawa na Club Alabam su ga yadda ake taka rawa da idonsu, ya ɗauki baƙaƙen 'yan wasa su yi muryoyi, Vivian Dandridge ta yi So White, Leo Watson ya yi yarima. Na yarda bai zauna da niyyar ƙiyayya ba. Abin da ke ba ni baƙin ciki shi ne, ya je ya ga mutanen, ya ga fuskokinsu iri-iri, ya dawo da rawarsu daidai, amma da ya zo zana fuska sai hannunsa ya koma ga abin rufe fuskar da ya gada. Ƙafa ya kalla da idonsa, fuska kuwa haddarta ya yi. Shigar baƙaƙen 'yan wasa ma ba ta wanke shi ba. Wanda ƙofa ɗaya kawai aka buɗe masa a sana'a, shigarsa ba shaida ba ce cewa ƙofar ta yi masa daɗi.

Sukan kuma ce zamaninsu ne, kowa haka yake gani. Wannan ita ce mafi rauni. Wane ne kowa? Ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP ta yi ƙorafi a kan Coal Black a shekarar da ya fito. Shugabanta Walter White ya riga ya zauna da shugabannin Hollywood a 1942 yana roƙon su daina irin waɗannan siffofi. Katun ɗin Walter Lantz na 1941, Scrub Me Mama with a Boogie Beat, wanda ya nuna garin baƙaƙe a matsayin garin malalata, ƙorafin ƙungiyar ne ya sa aka janye shi a ƙarshen shekarun 1940. Waɗanda abin ya shafa sun yi magana a kan lokaci, ba a dai saurare su ba ne.

Hujja ta uku ita ce wadda na fi ji daga bakin mutanenmu: ai katun kowa yake yi wa ba'a, Elmer Fudd, maharbin nan na katun ɗin Warner, Bature ne kuma wawa ne, mu ma muna da wasa tsakanin Fulani da Barebari, tsakanin Kanawa da Zagezagi, ba wanda ya mutu. A nan sai a yi hattara. Wasan taubasai yana da sharaɗi, in ka jefa za a jefo maka, kuma gobe ku ci tuwo a kwano ɗaya. Bafulatani yana da bakin ramawa. Baƙin Ba'amurke na 1943 ba shi da babban kamfanin fim a Hollywood, a kudu ba shi da ƙuri'a, kujerarsa a sinima tana can sama a keɓe. Sannan wautar Elmer tasa ce shi kaɗai, mai kallo zai fita ya ga Bature likita da Bature alƙali a fim na gaba. Baƙin mutum kuwa wannan fuskar ita ce kusan duk abin da allo yake nunawa game da shi.

Akwai gwajin da nake ba ɗalibai, kuma tarihi ya riga ya yi mana shi. A All This and Rabbit Stew na 1941, Tex Avery ya haɗa Bugs Bunny da wani maharbi baƙar fata mai jan ƙafa da jan magana, wanda a ƙarshe Bugs ya cinye shi a caca har tufafinsa. A ciki akwai wani wasa mai kyau ƙwarai: maharbi ya bi zomo cikin kututturen itace mai rami, zomo ya juya kututturen bakinsa ya kalli gefen dutse, maharbi ya fito ya tsinci kansa yana tafiya a kan iska. A 1946 Clampett ya ɗauki wannan wurin ya sake amfani da shi a The Big Snooze, ya cire maharbin ya sa Elmer Fudd. Dariyar ba ta ragu da ƙwayar zarra ba. Ashe gwanintar a lissafin lokaci take, launin fatar kuwa kaya ne aka ɗora mata. A irin wannan ana iya tsince tsakuwar. A Coal Black ba za ka iya ba, domin in ka cire siffofin babu fim.

Kuma an san hanyar da ta fi. 'Yan'uwan nan Fleischer, masu wani gidan katun, suna da na'urar da ake ɗora zane a kan hoton mutum na gaske ana bin motsinsa. A 1932 da 1933 sun ɗauki baƙin mawaƙi Cab Calloway yana rawa suka bi sawunsa, ya fito a siffar wata dabbar ruwa mai haure a Minnie the Moocher, ya fito a siffar fatalwa mai dogayen ƙafafu a Snow-White ta Betty Boop. Abin da kake gani a nan rawar Calloway ce, zamiyar ƙafarsa, muryarsa, ba wanda zai yi ta sai shi. Amma gidan nan ɗaya, a 1932, ya ɗauki baƙin makaɗi Louis Armstrong ya riƙa sauya kansa da kan wani mai cin naman mutane yana bin mutane a daji. Masu zane ɗaya, shekara ɗaya. George Pal, wanda aka soka saboda jerin finafinansa na wani baƙin yaro mai suna Jasper, ya fito a 1946 da John Henry and the Inky-Poo, labarin baƙin ma'aikacin layin dogo da ya yi gasa da inji, aka ba shi jiki da fuska na mutum mai daraja, kuma fim ɗin ya shiga takarar Oscar.

Na Disney ba zan tsawaita ba. Hankakin Dumbo na 1941 har yau ana ja-in-ja a kansu: su ne suka tausaya wa ɗan giwar, baƙaƙen mawaƙan ƙungiyar Hall Johnson ne suka yi yawancin muryoyin, amma shugaban hankakin Bature ne ya yi muryarsa kuma sunansa a takardun aiki Jim Crow. Wanda ya fi ci mini rai shi ne Song of the South na 1946, domin tatsuniyoyin zomon da ke ciki daga Afirka bayi suka tafi da su. Labarin ɗan tsanar kwalta da zomo ya mara hannunsa ya manne, ɗan'uwan tatsuniyar Gizo da budurwar danƙo ne da kakanninmu suke yi mana da dare. An zana shi da kyau matuƙa, sannan aka naɗe shi cikin labarin gonar Bature inda baƙaƙe ke waƙa cikin jin daɗi. James Baskett, baƙin ɗan wasan da ya ja fim ɗin, bai halarci bikin buɗe shi a Atlanta ba saboda dokar wariya. A 1948 aka ba shi Oscar ta girmamawa.

Game da abin da ya kamata a yi da su, ba na goyon bayan a ƙona, kuma na fi ƙin a yanke a ɓoye. A Fantasia ta 1940 akwai wata ƙaramar baƙar yarinya mai jikin jaki da ke goge kofaton farare, tun 1969 aka cire ta, har mutane da yawa suka tashi ba su san ta taɓa kasancewa ba. Yin haka kamfani yake wankewa, ba wanda aka zalunta ba. Na fi son abin da Warner ya yi a 2005, da ya sa baƙar 'yar fim Whoopi Goldberg ta yi bayani a farkon faifai cewa siffofin kuskure ne a da, kuskure ne a yanzu, amma cire su daidai yake da cewa ba a taɓa yi ba. A 2010 an nuna takwas daga cikin sha ɗayan nan a wani bikin finafinai a Hollywood, masanin tarihi Donald Bogle ya tsaya ya gabatar da su ga manya. Wurinsu ke nan, aji da zauren nazari.

Yara kuwa hukuncinsu daban. Yaro ɗan shekara biyar ba ya karanta gargaɗi, hoto yake haɗiya. A shekarun 1940 masana halayyar ɗan'adam Kenneth da Mamie Clark sun ajiye wa yara baƙaƙe 'yar tsana fara da baƙa, da yawa suka nuna farar a matsayin mai kyau, kuma kotun ƙolin Amurka ta yi la'akari da binciken a hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu. Yaranmu ba a Amurka suke ba, amma man bilicin da ke cike da kasuwanninmu ya isa ya nuna mana saƙon yana isowa ta hanyoyi da yawa. Kuma kafin mu gama nuna Amurka da yatsa, mu dubi yadda wasannin barkwancinmu suke fito da Bagwari ko ɗan ƙauye ko mai lalurar jiki, mu tambayi ko shi ma yana da bakin ramawa.

Kada ka raba yaranka da Tom and Jerry. Mafi yawan finafinan babu wannan a ciki, kuma kiɗan Scott Bradley da lissafin Hanna da Barbera, waɗanda suka ƙirƙiro shi, abin koyo ne. Ka dai riƙa duba abin da ka sauko musu da shi, domin tarin da ke yawo a intanet da katin waya sau da yawa ba a tace shi ba. Goma sha ɗayan nan ka nisanta su da su har su yi hankali. In kuma fashewar ta sake zuwa kuna tare, ka tsayar da hoton ka tambayi babban cikinsu wa yake gani aka zana, ka bar shi ya yi tunani kafin ka gaya masa labarin Thomas Rice. Matar mai silifas ma ka gaya musu tana da suna da fuska: Lillian Randolph, ta yi shekaru tana aikin rediyo da fim, kuma a 1977, tana tsohuwa, ta fito a Roots, labarin Kunta Kinte da aka sato daga Gambiya.